Layin Kifi

Mahaifina malamin waƙa ne, kuma shi ne mutum na farko da ya hana ni waƙa a duniya. Da cewa ya yi in rufe bakina, da da sauƙi. A'a, cewa ya yi in buɗe shi sosai, in riƙa motsa leɓe tare da sauran yara, amma kada in kuskura wani abu ya fito.

Shekarata ta farko ke nan a sakandaren da yake koyarwa. Ɗakin waƙa yana can ƙarshen makaranta, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, saboda shugaban makaranta ba ya son a dame shi da abin da yake kira ihu. A ciki akwai tsohon fiyano, da fankar da kukanta ya fi iskarta yawa, da bencuna huɗu, kowane ya ɗara na gabansa tsayi. Duk sabon ɗalibi sai ya tsaya shi kaɗai ya rera layi ɗaya. Baba zai karkatar da kai, ya lumshe ido, sannan ya nuna masa benci da fensir. Masu murya suna gaba. Waɗanda Allah bai ba su ba, sai a tura su benci na ƙarshe, su cika hoto ranar taro, su yi ta buɗe baki suna rufewa ba sauti. Shi ya sa ɗalibai ke kiran wurin layin kifi.

Da aka zo kaina na miƙe da ƙarfin gwiwa, don na san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ja numfashi, na saki murya.

"Sake," in ji Baba.

Na sake.

"Sake."

Na ƙara sakewa, har tsuntsayen da ke kan taga suka watse. Sai ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ƙare mini kallo kamar ba a gidansa na kwana ba.

"Yarinya, ke 'yar gidan wa ce?"

Aji ya kwashe da dariya. Na hau layin kifi ina haɗiye kuka, kuma a kan bencin nan na gama makaranta.

Da muka koma gida Mama ta tare shi tun daga bakin ƙofa. "Haba Malam, 'yarka ce fa. Autarka."

"Ai shi ya sa na sa ta a tsakiyar layin, inda kowa zai gan ta," in ji shi, ya wuce ya nemi ruwan wanka.

Haka mutumin yake, ko a jikinsa. Ɗalibai sun sa masa suna Malam A-Sake, ya sani, kuma ina zargin sunan yana masa daɗi.

Shi ma fa ba gadon waƙar ya yi ba. Kakana mai gyaran agogo ne, kuma har ya bar duniya bai yarda cewa danna fiyano sana'a ce ba. Baba ya fara da kiɗa a wani otal, a lungu kusa da ƙofar kicin, inda mutane ke cin abinci suna hira ba mai ɗaga kai ya dube shi. Yakan ce a nan ya koyi abin da kwaleji ba ta koya masa ba, wato ba wanda aka haifa don ya saurare ka, sai ka kamo kunnensa da ƙarfin tsiya. Daga nan ya sami aikin koyarwa, yana haɗawa da yi wa gidan rediyo waƙoƙin talla. Ya yi wa sabulu, ya yi wa batir, ya yi wa katifa. Amma wadda ta fi kowace tashe ita ce ta maganin ɓera: "Ɓera ya shigo da ƙafarsa, a wutsiya aka fitar da shi." Yara na yi a hanyar makaranta, direbobi na yi a tasha, har wata mata na ji tana lallashin jaririnta da ita a layin asibiti. Kamfanin ya daɗe da rufewa, ɓerayen suna nan lafiya lau, waƙar ma tana nan.

Akwai mawaƙa da yawa da ake manna hotunansu a bayan motoci waɗanda Baba ne ya ɗora musu karin da suka yi suna da shi. In an tambaye su a rediyo sai su ce a mafarki abin ya zo musu. Baba yakan ce wa rediyon, "Sannu mai mafarki." Sai kuma taken makarantu. Duk shugaban da ya buɗe makaranta sai ya zo neman take, Baba kuma yana da kari ɗaya da yake ji da shi, sai ya ɗan murɗa masa wuya ya miƙa. An taɓa haɗa gasa, makarantu biyu suka tashi da take kusan iri ɗaya, malamansu suka kusa ba hammata iska, kowa na cewa an yi masa sata. Alƙalin gasar kuwa Baba ne. Ya saurare su da fuskar nan tasa ta marar laifi, ya ce duka biyun sun yi ƙoƙari.

Yadda yake aikinsa, ban taɓa ganin mai irinsa ba. Yana da ɗan ɗaki da ya haɗa bango da kicin. Zai zauna ya yi ta gunguni shi kaɗai, in layi ya zo masa sai ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce, "Kina ji?" Ya rera sau ɗaya. Mama, tana tsakiyar yanka albasa ko wanke-wanke, sai ta maimaita masa daga can. Shi kuma ya jingina kai da bango ya saurara. Ba ya taɓa rubuta layi a takarda sai ya ji shi daga bakin wani, ta bayan bango, cikin ƙarar tukwane. Wai fiyano munafuki ne, duk abin da ka danna masa zai ce ya yi. Maƙogwaron mutum ne ba ya ƙarya. In Mama ta ɗan canza wani wuri ba da saninta ba, nata yake ɗauka, ya ce baki ya fi shi sanin hanya. In washegari ya tambaye ta ta ce ta manta, shi ke nan, waƙar ta mutu, ko da ya yi wata yana fama da ita. Mama ba ta taɓa hawa dandamali ba, amma duk waƙar da Baba ya yi a duniya ta kicin ɗinta ta bi.

Ni kuwa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na girma na zama mai koyar da tuƙin mota. Aiki ne da ke son murya, kuma a nan ba wanda ya taɓa cewa tawa ta yi yawa. In na ce "birki", har motar da ke bayanmu tsayawa take yi.

Mama ta rasu shekara guda bayan Baba ya yi ritaya. Ciwo ne gajere, kafin mu gama fahimtar bayanin likita an gama. Na tattara kayana na dawo gidan, don yayyena duk suna nesa da iyalansu. Baba bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya dai daina shiga ɗan ɗakin nan, kuma ya daina yi wa rediyo gatse.

Sai kuma kunne ya fara. Da farko mun ɗauka halinsa ne na yin kunnen uwar shegu in ba ya son magana. Amma da na ga ana buga ƙofa yana zaune kusa da ita yana karatun jarida, na ja shi asibiti. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana haɗa kaya, kuma ba abin da za a yi a tsayar da shi. Ya ba mu ɗan abin nan da ake saƙalawa a kunne. Baba ya sa na kwana biyu, ya ce kowa ya koma magana kamar daga cikin gwangwani, ya jefa shi a durowa tare da matattun batura.

A hanyarmu ta dawowa daga asibitin ne ya yi maganar, yana kallon titi.

"Akwai waƙa ɗaya da ban yi ba. Ta mamanki."

Ashe kalmomin sun daɗe a kansa, karin ma ya fara zuwa. Abin da babu shi ne bakin da zai maimaita masa ta bayan bango. Na ce ya rubuta kawai mana, ai ya iya rubutun. Ya ce bai taɓa rubuta abin da bai ji ba, kuma ba a kan waƙarta zai fara ha'inci ba. So yake ya ji ta da kunnensa kafin kunnen ya rufe.

Na kira Kanari. Tsohuwar ɗalibarsa ce, 'yar bencin gaba, wadda yanzu ba a shiga shagon aski ko motar haya ba a ji muryarta ba. Ta zo da mutunci, ba zan yi mata ƙarya ba, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, turarenta ya cika gidan. Muka kai ta kicin, Baba ya shiga ɗakinsa, ya ƙwanƙwasa bango ya ba ta layi. Ta rera. Wallahi har tsigar jikina ta tashi. Can sai muka ji Baba daga ciki yana cewa, "Ku ce mata ta fara mana."

Muka dawo da ita ɗakin, ta sunkuya daidai kunnensa. Nan ya ɗan ji, kuma gara ma da bai ji ba. Kanari ta saba da situdiyo, ba ta iya barin layi ya tafi a miƙe, sai ta lanƙwasa shi, ta karkaɗa masa jela.

"Layi na ba ki miƙaƙƙe," in ji Baba, "kin dawo mini da shi a cukurkuɗe kamar wayar caja. A benci na nawa na koya miki wannan?"

Ta yi dariya, ta sake, ta sake, ta tafi da jan ido. Bayan ita wasu biyu sun zo, duk kanwar ja ce. Masu daɗin murya ba ya jin su, in sun ɗaga kuma daɗin ya gudu.

Wata safiya wani ɗalibina, babban mutum da furfurarsa, ya zo ɗaukata a ƙofar gida, ya sa giyar baya maimakon ta gaba, ya nufi get ɗinmu. Ina tsaye a tsakar gida na ƙwalla, "Birki! Birki na ce, bawan Allah!" Mota ta tsaya saura ƙiris. Ina juyowa sai ga Baba a baranda, da jarida a hannu. Daga uwar ɗaka ya fito, kuma ƙofa a rufe take.

"Wa ya ce birki?"

"Ni ce, Baba."

Ya tsaya yana kallona yadda mahauci ke kallon bijimi a kasuwa.

"Sallami mutumin nan. Shiga kicin."

Na gane nufinsa sarai, kuma raina ya ɓaci fiye da yadda na zata. Mace da shekarunta, amma nan take na koma yarinyar nan da aji ya yi wa dariya.

"Ni? Ai ni kifi ce, Baba. Ko ka manta 'yar gidan wa ce?"

"Ban ce kin iya ba," ya ce. "Cewa na yi ina jin ki."

Kun ji fa. Ko a ranar da yake neman alfarma, mutumin nan ba zai iya rufe baki ya bar gaskiya ta huta ba. Na so in ce masa ya je ya nemi 'yan bencin gaba. Amma na ga yadda ya damƙe jaridar har ta yamutse, na ga tsoro ƙarara a idonsa, abin da ban taɓa gani ba. Na sallami mutumin na shiga kicin ɗin Mama.

Ya ƙwanƙwasa bango. "Kina ji?"

Rabon da in ji wannan tambayar tun Mama tana raye. Na daure na ce ina ji. Ya rera:

"Kin fita ba ki ja ƙofa ba, iska na ta shigowa."

Na maimaita iya ƙarfina. Karen maƙwabta ya amsa.

"Innalillahi," in ji Baba ta bayan bango. "Sake."

Haka muka shiga, kullum da safe kafin in fita aiki. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya, ko wani ne ya ƙone. Mai kawo mana burodi ya koma ajiyewa a bakin get ya gudu. Baba yana ta "sama kaɗan, ƙasa kaɗan", ni kuma ban san ina ne saman ba balle ƙasan. Rannan na gaji na ce, "Baba, yi mini magana da yaren da nake ji. Hawa ne ko gangara?" Sai ya ce, "Hawa ne, amma ba dutse ba, ɗan tudun da ake sa wa titi don a rage gudu. Ki hau a hankali, kada ki taka totur." Wallahi sai ga shi na hau. Daga ranar waƙar Mama ta koma hanya: nan kwana ce, nan gangara, nan ki saki kuloci sannu-sannu, nan ki tsaya ki bar numfashi ya wuce.

Ya gano muryata tana da 'yan wuraren da take iya tsayawa ba ta zame ba, sai ya riƙa rushe karin yana sake gina shi a kansu. Waƙar ta sauko ƙasa, ta zama mai kauri, ba ado ko kaɗan. Wata rana na yi baiti guda cur ba tare da ya tsayar da ni ba. Na ji shiru, har na leƙa in ga ko barci ya yi.

"Ashe kunnenki ba matacce ba ne," ya ce. "Malalaci ne kawai. Da an zauna da ke tun kina ƙarama, da kin yi dama-dama."

"To wa ya kamata ya zauna da ni ɗin?"

Ya sosa gemu. "Ku arba'in ne a aji, ga taro na matsowa." Ya kau da kai. "Bencin nan na baya, ni ya hutar, ba ku ba."

Iyakar ban-haƙurin da na samu ke nan, kuma na karɓa, don na san a wurinsa wannan ɗin ma an yi babbar kyauta.

Amma kunnen bai jira mu ba. Da farko ta bayan bango yake jina. Sai ya ce in dawo bakin ƙofar kicin, wai bangon ne ya yi sanyi. Sai bakin ƙofar ɗakinsa. Sai ga ni a kan kujera kusa da shi, ina yi masa ihu a kunnen dama kamar mai kiran wanda ke hayin kogi. Kowane layi ya ji ya gamsu sai ya ɗauki fensir ya rubuta, yana sauri, shi da a da yakan yi mako a kan gaɓa ɗaya. Ba mu taɓa maganar dalilin saurin ba. Ni dai na rage ɗalibai, na daina fita da safe gaba ɗaya.

Saura layi na ƙarshe. Kalmominsa suna nan: "Bar ta a buɗe, ba na jin sanyi." Karin ne ya ƙi zama. In ya sauke shi ƙasa sai ya ce ya yi kama da mai neman a tausaya masa, kuma Mama ba ta son raki. In ya ɗaga shi sai ya ce ya koma tallan katifa. Muka yi kwanaki a kansa. Ranar da abin ya faru, ya tashi da fara'a, ya ce ya samo, a tsakiya zai bar shi, kamar maganar da ba a gama ba. Ya rera mini, muryarsa na ɗan kaucewa don shi ma ya daina jin kansa sosai. Na matsa kusa da kunnensa, na cika ƙirji, na yi layin tun daga farko har ƙarshe, da muryar da ke tsayar da motoci.

Yana zaune, ido a lumshe, kai a karkace, fensir a hannu.

"Auta, ke nake jira."

Na sake yi, har jijiyar wuyana ta miƙe. Bai motsa ba. Can ya buɗe ido don ya yi mini faɗa, sai ya ga bakina a buɗe, ya ga ƙirjina na hawa da sauka. Ya daɗe yana kallona. Na ga lokacin da ya gane, kuma ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nasa a wannan lokacin ba.

Ya ajiye fensir. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya miƙo hannu ya ɗora yatsunsa a maƙogwarona, kamar likita mai duba ciwon wuya, ya ɗaga ɗaya hannun a iska.

"Yi."

Na yi. Hannun ya ɗan yi sama, na bi shi. Ya sauko, na sauko. A kalmar ƙarshe ya shimfiɗa tafin a tsakiya ya riƙe, na riƙe tare da shi har numfashina ya ƙare. Muka sake, muka sake, yatsunsa na nan a wuyana. Sannan ya janye hannu.

"Ni ban ji ba," ya ce, da ƙarfi irin na wanda bai san ƙarfin muryarsa ba. "Ke kika ji. Ya yi daɗi?"

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yanke wa muryoyin 'ya'yan mutane hukunci da bakin fensir, yau ni yake tambaya. Ni kuma wallahi ban sani ba, har gobe ban san yadda ake gane kari mai kyau ba. Abin da na sani kawai, da na kai ƙarshen layin sai na ji ina son Mama ta shigo, so mai ciwo. Na gyaɗa masa kai.

Ya tsura mini ido ta saman tabarau, ya daɗe.

"In ƙarya kike yi, ke da Allah."

Na sake gyaɗa kai, hawaye na zuba. Sai ya jawo takardar gabansa, ya ɗauki fensir, ya rubuta layin a kan maganata.